Jatan Lande a Kan Garwashi: Tsakanin Ƙyanƙyami da Hukunci

Daga Ƙanƙara zuwa bakin teku tafiya ce ta kusan kilomita dubu. Haka daga Faskari, haka daga Sabuwa. Ƙasa ce ta masara da dawa da auduga da waken soya. Naman da ta saba da shi shi ne na shanu da tumaki da awakin da ake korawa kasuwar Sheme, sai kaji da zabi, sai tarwaɗa da karfasa da masunta ke kamowa a madatsar ruwa ta Mairuwa da rafukan damina. Duk da wannan nisa, akwai wani ɗan halittar teku mai dogon gashin baki da ƙafafu rututu da ya daɗe da shiga tukwanen yankin ba tare da ya yi sallama ba. Sunansa jatan lande.

A bushe ya fara zuwa. Abin da 'yan kasuwa ke kira kirefish, wanda ake aunawa a gwangwani kusa da daddawa da busasshen kifi, galibinsa ƙananan jatan lande ne da ake kamawa a gaɓar Akwa Ibom da Kuros Riba, a busar da su a kan hayaƙi, a ɗura a buhu daga garuruwa irin su Oron zuwa Arewa. Daga baya ya shigo cikin dunƙulen ɗanɗano mai ƙamshinsa. Matan aure da yawa sun daka shi a miyar agushi da ta kuɓewa shekara da shekaru, maigida ya ci ya yi santi, ba wanda ya ɗaga gira.

Yanzu kuwa yana zuwa da siffarsa. Manyan kantunan Kano da Kaduna da Abuja suna sayar da shi daskararre a leda, wani ɗanye, wani dafaffe. Matasan da suka yi bautar ƙasa a Kalaba ko Fatakwal sun ci shi, fataken shanu sun gan shi a Legas, alhazai sun tarar da shi a Jidda, 'yan mata kuma suna kallon yadda ake gasa shi a wayoyinsu. Ranar da aka jera shi a tsinke aka ɗora a kan kurfoti a tsakar gida, da idanunsa da ƙafafunsa, ranar ce magana ke tashi. Kaka ta leƙo ta ce, “Wannan ai ƙwaro ne.” Wani ya ce tsutsar ruwa ce. Wani ya ce abincin 'yan kudu ne. Kafin magariba an sami mai zuwa zauren malam: “Allah gafarta Malam, wai ya halatta?”

Tambayar tana da kyau, kuma mai yin ta ya cancanci yabo, domin wanda ke tsayawa ya tambayi abin da zai shiga cikinsa yana da sauran tsoron Allah. Sai dai wannan tambaya ita ce mafi sauƙi cikin waɗanda jatan lande ke zuwa da su. An amsa ta fiye da shekara dubu da ta wuce. Masu wuyar suna tasowa ne bayan an hura gawayi.

Abin da littattafan zaure suka ce

Fikihun da aka gada a ƙasar Katsina, tun zamanin da Gobarau da 'Yandoto ke tara ɗalibai, na Imam Malik ne, wanda ya rasu a Madina a shekara ta 179 bayan Hijira. A wannan mazhaba duk abin da ke rayuwa cikin ruwa halal ne, ba ya buƙatar yanka, kuma ko an tarar da shi a mace ana ci. Mukhtasar na Shaihu Khalil, littafin da ɗalibi ke kaiwa bayan ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ya ambaci dabbar ruwa a sahun farko na abincin da aka halatta, kuma bai ware mushenta ba. Hukuncin ya haɗa da teku da kogi da tafki, ya haɗa da kifi da ƙaguwa da jatan lande.

Hujjojin sanannu ne. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa, kuma an ruwaito daga Sayyidina Umar cewa farautar ita ce abin da aka kama, abincin kuma shi ne abin da ruwa ya jefo. A cikin Muwaɗɗa akwai hadisin Abu Huraira game da mutumin da ya tambaya ko masu tafiya a jirgin ruwa za su iya alwala da ruwan teku. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya amsa masa cewa ruwan mai tsarkakewa ne, ya kuma ƙara masa da abin da bai tambaya ba, wato halaccin mushen teku. Akwai kuma labarin rundunar Abu Ubaida, mutum wajen 300, waɗanda yunwa ta kai su ga cin ganye a gaɓar teku, har ruwa ya jefo musu wata ƙatuwar dabba matacciya da ake kira anbar. Sun yi kwanaki suna ci. Da suka koma Madina suka ba da labari, Annabi ya tabbatar musu arziki ne daga Allah, ya kuma ci daga ragowar da suka kawo.

Shafi'iyya da Hanbaliyya sun tafi kusa da haka, kuma jatan lande halal ne a wurinsu.

Inda aka saɓa

Hanafiyya ne suka taƙaita. A wurinsu kifi kaɗai ake ci daga cikin ruwa, sauran suna shiga cikin abubuwan ƙazanta da aya ta 157 a Suratul A'araf ta haramta. Wannan ya sa malaman Indiya da Pakistan suka daɗe suna muhawara a kan ko jatan lande kifi ne. Rashid Ahmad Gangohi ya ce ba kifi ba ne, a bar shi. Ashraf Ali Thanawi, wanda ya rasu a 1943, ya halatta shi, yana dogaro da littafin dabbobi na Damiri, malamin Masar da ya rasu a 1405, wanda ya lissafa shi cikin ƙananan kifaye. Har gobe ana samun Bahanafe mai ci da Bahanafe mai ƙauracewa, kuma suna sallah sahu ɗaya.

Fikihun Ja'afariyya ya ja layinsa a wani wuri daban: kifi mai ɓawo a jiki kaɗai ake ci, amma an keɓe jatan lande an halatta shi. Ke nan a can tarwaɗar da kowa ke ci a Mairuwa ba ta ciwuwa, jatan lande kuwa yana ciwuwa. Yahudawa, bisa babi na 11 na Littafin Firistoci, ba sa cin ko ɗaya daga cikin biyun. Mafi yawan Kiristoci suna cin duka.

Me ya kamata mutumin Faskari ya yi da wannan saɓani? Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta nanatawa a rubuce-rubucensa, musamman na ƙarshen rayuwarsa irin su Najmul Ikhwan, cewa ba a tsananta wa jama'a a kan abin da malamai suka saɓa a kansa. Wanda ya ci yana da Malik da Shafi'i da Ahmad. Wanda ya bari don tsantseni yana da nasa magabatan. Wanda ba shi da kowa a bayansa shi ne mai cewa haramun ne don kawai kallon abin ya tayar masa da zuciya. Aya ta 116 a Suratun Nahli ta yi gargaɗi mai zafi ga masu sakin harshe suna halattawa da haramtawa ba da izini ba.

Gasasshen damo a ɗakin Maimuna

Tarihin Musulunci ya ajiye wani labari da ya yi daidai da abin da ke faruwa a tsakar gidan Ƙanƙara, kuma shi ma a kan gasasshen nama ne. Khalid ɗan Walid ya shiga ɗakin Uwar Muminai Maimuna tare da Annabi, aka kawo gasasshen damo. Annabi ya miƙa hannu, sai wata daga cikin matan da ke wurin ta ce a faɗa masa abin da zai ci. Da aka faɗa masa, ya janye hannunsa. Khalid ya tambaya ko haramun ne. Ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa ba ya so. Khalid ya jawo akushin ya ci, Annabi yana kallo. Malik da Buhari da Muslim duk sun kawo labarin.

Abu huɗu ke cikin wannan ɗan zama. Mutum yana da 'yancin ƙin abin da bai saba da shi ba, ko da halal ne. Idan ya ƙi, ya faɗi dalilinsa na gaskiya, kada ya jingina shi ga Allah. Kada ya hana wanda ransa ke so. Kuma wanda aka ajiye wa abinci yana da haƙƙin a faɗa masa mene ne a ciki tun kafin ya kai loma.

Ibn Rushd, alƙalin Kurɗuba da ya rasu a 1198, ya tattauna a Bidayatul Mujtahid ko ƙyamar da rai ke yi wa abu tana iya zama dalilin haramci. Shafi'i ya ba ta matsayi. Malikiyya sun fi karkata ga cewa ƙazantar da aka haramta ita ce wadda nassi ya ambata, domin ƙyanƙyami yana canzawa daga gari zuwa gari. Abincin wani, in ji Bahaushe, gubar wani.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga gaskiyar haka. Da zarar kaka ta yi, sanyi ya fara saukowa, soyayyar fara ke cika faranti a tashoshin mota da ƙofofin makarantu, wata an kamo ta a dazukan gida, wata an shigo da ita buhu-buhu daga Nijar. Yara na rububinta, masu ciki na kwaɗayinta. Baƙon da ya zo daga bakin teku yakan tsaya yana kallon mai taunar fara da irin idon da kaka ke kallon jatan lande. Masana halittu sun sanya fara da jatan lande a babban dangi ɗaya, na masu ɓawo a waje da ƙafafu gaɓa-gaɓa.

Abin da zai ba ɗalibi mamaki shi ne, a mazhabar Malik fara ce ke da sharaɗi. Sauran mazhabobi uku sun halatta ta ko an tsince ta a mace. Malikiyya a mashahurin zance sun ce sai an kashe ta da niyya, ta hanyar cire kai ko jefawa a tafasasshen ruwa ko wuta, wadda ta mutu da kanta kuwa a bar ta. Wannan taka-tsantsan ya dace da zamanin feshi, domin farar da aka tarar a zube a gona tana iya zama maganin ƙwari ne ya kashe ta. Ke nan abin da aka saba da shi yana da ƙa'ida, baƙon nan jatan lande kuwa an sakar masa hanya.

Masu cewa jatan lande ƙazanta yake ci a ƙasan ruwa, ya kamata su tuna tarwaɗa ma haka take, kazar gida ma haka. Su kuma ji abin da ya faru a Senegal. Da aka kammala madatsar Diama a 1986 kusa da bakin Kogin Senegal, jatan landen kogi ya rasa hanyar sauka ruwan gishiri inda 'ya'yansa ke girma, ya kusa ƙarewa a saman madatsar. Dodon koɗin da yake cinyewa ya yawaita, cutar tsargiya da ke fitowa daga jikinsa ta mamaye garuruwa irin su Richard-Toll. Da masu bincike suka gwada mayar da jatan landen a wata mashaya, dodon koɗin ya ragu ƙwarai. Halittar da ake raina wa kama ashe aikin tsaron lafiya take yi.

Amanar mai riƙe da tsinke

Alƙur'ani idan ya yi umarni da ci, kamar a aya ta 168 ta Suratul Baƙara, yakan haɗa halacci da kyau wuri ɗaya. Halacci malami ke faɗa. Kyau kuwa yana hannun mai girki, kuma jatan lande ba ya yafe sakaci.

Namansa ba shi da kitse, ba shi da jijiya, yana lalacewa da wuri fiye da naman dabba. Mai saye ya fara duba ledar. Idan 'ya'yan sun dunƙule sun zama curi guda, ko ƙanƙara ta taru a gefe, alama ce ya taɓa narkewa aka sake daskarar da shi. A narkar da shi a firiji, ko a tsoma ledar a rufe cikin ruwan sanyi, ba a shanya shi a rana ba. Mai kyau ba ya wari. Wanda ya fara zarni ko yauƙi ya tashi daga aiki. A ɓare ɓawon, a tsaga bayansa kaɗan a zare baƙin zaren nan, wanda hanjinsa ne kuma yakan riƙe yashi. A tsane ruwan, a shafa man gyaɗa da gishiri da tafarnuwa da citta da ɗan barkono. Lemon tsami a bar shi sai an sauke, domin idan ya daɗe a jiki yana ƙona naman tun kafin wuta ta taɓa shi.

Mai tsiren da ya saba da tukuba, inda nama ke ɗaukar lokaci yana tsatsafo mai a gefen wuta, sai ya canza hannu. Garwashi ake so wanda ya yi ja, harshen wuta ya kwanta. A jiƙa tsinke da ruwa don kada ya ƙone, a soke kowane jeri da tsinke biyu don kada ya riƙa juyawa. Minti biyu zuwa uku a kowane gefe sun isa. Launinsa zai tashi daga toka-toka ya koma ja-ja, cikinsa ya yi fari. Idan ya lanƙwashe kamar lauje, ya nuna. Idan kai da wutsiya suka haɗe, an wuce wuri, sai tauri. Masu ma'auni suna neman digiri 63 a tsakiyarsa. Yajin ƙuli yana saurin ƙonewa, don haka a barbaɗa shi daf da saukewa. Farantin da ya ɗauki ɗanye kada ya ɗauki gasasshe sai an wanke, saboda ƙwayoyin cutar ruwan teku, dangin masu kawo kwalara, suna iya maƙalewa a jikin ɗanyen.

Sai darasin ɗakin Maimuna. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar jatan lande ko kaɗan. Loma ɗaya kan jawo musu ƙaiƙayi da borin jini da kumburin leɓe, wani har numfashi ya sarƙe, wanda in ba a garzaya asibiti ba yana iya kai rai. Sinadarin da ke jawo haka yana jikin fara ma, shi ya sa wanda ɗaya ke yi wa illa ya yi hattara da ɗayan. Ga irin wannan mutum, abin da yake halal ga kowa ya zama abin hani, bisa ƙa'idar da ke hadisi na 32 a Arba'una ta Nawawi, cewa babu cuta babu cutarwa. Matar da ta daka kirefish a miyar biki ta yi shiru, ta ɗauki alhakin da ba ta sani ba. Faɗa wa baƙo abin da ke cikin kwano ba ƙauyanci ba ne, sunna ce.

Ɗumame da tsoron almubazzaranci

Bahaushe ba ya zubar da abinci. Tuwon da ya kwana ana ɗumama shi da safe da miyar kuka, kuma akwai masu fifita ɗumamen a kan sabon tuƙi. Addini ya ƙarfafa wannan tarbiyya: an yi umarni a ɗauki lomar da ta faɗi a share ta a ci, a suɗe hannu da kwano, aya ta 31 a Suratul A'araf kuma ta haɗa izinin ci da sha da hanin ɓarna. Saboda haka idan jatan lande mai tsada ya yi saura, zuciya ba ta yarda a zubar.

A nan sai a raba abu biyu. Akwai dafaffen da aka sayo daskararre, wanda ake ganewa da jan launinsa tun a leda. Wannan ya riga ya nuna, garwashi zafi da ƙamshin hayaƙi kawai zai ba shi. A narkar da shi ta hanyar da aka faɗa, a tsane, a shafa mai, a ba shi minti ɗaya ko biyu a kowane gefe, a sauke. Wanda ya ba shi lokacin ɗanye ya dafa shi sau biyu, ya ɓata kuɗinsa.

Akwai kuma ragowar da aka gasa jiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ƙa'ida: dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, a ajiye shi ƙasa da digiri 5 ko sama da digiri 60, domin tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Hukumomin abinci na Amurka sun rage wa'adin zuwa awa ɗaya idan zafin gari ya haura digiri 32, wanda a watannin Maris da Afrilu da Mayu kusan kullum ne a kudancin Katsina. Ragowar da ta shiga firiji da wuri, kuma wuta ba ta yi doguwar ɗaukewa ba, ana iya ɗumama ta sau ɗaya, har tururi ya fito daga tsakiyarta, wato wajen digiri 74. Naɗe ta a takardar gashi da ɗan mai ko ruwa yana rage taurin. Firijin da aka ɗauke wa wuta yana riƙe sanyi kamar awa huɗu ne idan ba a buɗe shi ba.

Wanda ya kwana a kan tire a cikin zafi, wuta ba ta gyara shi. Wasu ƙwayoyin cuta suna barin guba a cikin abinci, kuma gubar ba ta mutuwa da zafi ko da su sun mutu. Yana iya fitowa daga garwashi yana ƙamshi, ya kwantar da gida guda da amai da gudawa.

To zubar da shi almubazzaranci ne? Ɓarnar ta riga ta faru tun lokacin da aka gasa fiye da abin da za a ci, ko aka sayo abin da ba a da wurin ajiye shi. Cusa shi a ciki don gudun asara ƙara laifi ne a kan laifi. Mafi muni shi ne abin da gidaje da yawa ke yi ba tare da sun ɗauke shi komai ba: abincin da uwa ta shinshina ta hana ɗanta, sai ta juye a robar almajiri. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mutum ya zaɓi mummuna ya yi sadaka da shi, abin da shi kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido. Almajirin nan ɗan wani ne, kuma idan cikinsa ya ɓaci da dare, ba uwa a kusa, ba kuɗin kemis.

Hayaƙi ba ya tsayawa a katanga

Dahuwa tana ɓuya a tukunya, gashi kuwa ba ya ɓuya. Ƙamshinsa yana tsallake katanga ya shiga gidan da ba a ɗora tukunya ba.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a waɗannan ƙananan hukumomi uku. Mutanen Faskari ba su manta da harin Kadisau na watan Yunin 2020 ba. Duniya ta san sunan Ƙanƙara ne a Disambar wannan shekarar, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin. Sabuwa tana bakin dazukan da suka haɗe da Birnin Gwari. Manoma da yawa sun bar gonaki, iyalai sun baro ƙauyuka sun raɓe a gidajen 'yan uwa a cikin gari, tamowa kuma tana kama yara. A irin wannan unguwa, kilo ɗaya na manyan jatan lande, wanda ya fi kilon naman sa tsada, ba abin da za a gasa a yi kamar ba a san da kowa ba ne.

Addini bai hana mai hali jin daɗi ba. Aya ta 32 a Suratul A'araf ta ƙalubalanci masu haramta kyawawan abubuwan da Allah ya fitar wa bayinsa. Ba laifi ma'aikaci ko ɗan kasuwa ya sayo wa iyalinsa abin marmari da guminsa. Amma Annabin da ya bar Khalid ya ci damo shi ne ya umarci Abu Zarri, idan ya yi miya, ya yawaita ruwanta ya tuna da maƙwabta. Jatan lande ba a ƙara masa ruwa. Wanda ya gasa shi sai ya nemi wata hanyar cika umarnin: ko ya ware tsinke biyu ya aika, ko, abin da ya fi amfani ga gidan da ke jin yunwa, ya aika mudun masara.

Busasshen nan na gwangwani ma yana da rawar da zai taka. Ana cin sa da ɓawonsa, yana ɗauke da sinadarin gina jiki da na ƙarfafa ƙashi, kuma ma'aikatan lafiya a Najeriya sun daɗe suna koya wa iyaye mata haɗa garinsa da na waken soya da gyaɗa da hatsi a kunun yaye. Ba ya buƙatar firiji. Uwar da aka tsoratar da cewa ƙwaro ne haramtacce, an raba ɗanta da abinci mai araha da zai taimake shi.

Hukuncin dai a fili yake. A mazhabar da ake bi a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, jatan lande halal ne, busasshe ko ɗanye, gasasshe ko ɗumamamme. Wanda ransa bai so ya bar shi, ya ce ba ya so, kada ya ce Allah ya hana. Malamai kuma, idan aka zo musu da tambayar, su amsa ta sannan su ƙara da abin da ba a tambaya ba: a gasa daidai ci, a faɗa wa baƙo abin da ke cikin kwano, a tuna da gidan da ke bayan katanga, wanda ya kwana a zafi kuma a haƙa rami a binne shi, kada a miƙa wa almajiri.